Jakar Mai Hoto Amana Ce: Tsokaci Kan Kare Kayan Ɗaukar Hoto a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Gabatarwa

A duk inda jama'a suka taru a ƙasar Hausa a yau, ko ɗaurin aure ne, ko zanen suna, ko naɗin sarauta, ko saukar Alƙur'ani, da wuya a rasa wani mutum rataye da jaka a kafaɗa yana kai da kawo a tsakanin mahalarta. Wannan shi ne mai hoto. Mafi yawan mutane kyamarar da ke hannunsa kawai suke gani. Akwai kuwa wanda jakar yake kallo, yana lissafin lokacin da mai ita zai ajiye ta ya juya baya.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa tsare jakar mai hoto ya wuce batun tattalin dukiya. Abin da ke cikinta hakkin mutane ne da aka damƙa wa mai ita, don haka sakaci da ita cin amana ne, ko da kuwa ɓarawo ne ya ɗauke. An ɗora bayanin a kan ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe da ke kudancin jihar Sakkwato, kuma an fuskantar da shi ga ɗalibai masu koyon aikin malanta, domin su ma masu riƙe irin waɗannan kaya ne, kuma su ne za su tarbiyyantar da masu riƙe su gobe.

Yanayin Wurin da Yanayin Sana'ar

Tambuwal tsohon gari ne mai tarihi, wanda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a cikinsa a ƙarni na 19. Garin yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta nufi Jega, kusan kilomita 100 daga birnin Sakkwato. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna cewa ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutane sama da 220,000, ita kuwa Kebbe sama da 120,000. Kebbe ta fi faɗin ƙasa da tazara tsakanin garuruwa, tana kuma iyaka da jihohin Kebbi da Zamfara.

Wannan yanayi yana da tasiri a kan sana'ar hoto ta fuska biyu. Ta farko, mai hoto a nan matafiyi ne. Yau yana Dogon Daji, gobe Sanyinna ko Jabo, jibi kuma an gayyace shi Kuci. Rabin rayuwar kayansa a bisa kabu-kabu da motar haya take. Ta biyu, babbar hanya tana sauƙaƙa wa kayan sata tafiya. Kyamarar da aka ɗauke da hantsi tana iya kwana a wata jihar, inda babu wanda ya san mai ita.

Sannan kayan hoto duk daga ƙasashen waje ake shigo da su. Tun bayan da gwamnatin tarayya ta saki darajar naira a hannun kasuwa a watan Yuni na 2023, farashin irin waɗannan kaya ya yi tashin gwauron zabo. Matashin da ya tara kuɗin noma ko na adashi ya sayi kyamara, idan ta ɓace, zai iya shafe shekaru bai mayar da gurbinta ba. Wani ma daga nan ya bar sana'ar ke nan.

Abubuwa Uku da Ke Cikin Jaka

Idan aka buɗe jakar mai hoto za a ga kyamara, da gilasanta, da fitilar haska hoto, da batura, da caja, da katin memori. Wannan shi ne zahiri. A haƙiƙa kuwa abubuwa uku ne a ciki.

Na farko shi ne jari. Wannan kowa ya san da shi, kuma shi kaɗai ne ake jajanta wa mutum a kansa idan an yi masa sata.

Na biyu shi ne sirrin jama'a. A al'adarmu ba kowane namiji ake bari ya shiga cikin gida ba. Amma ranar biki akan ɗaga wa mai hoto labule, ya ɗauki amarya da ƙawayenta da iyayenta mata cikin kwalliyarsu. An yi masa haka ne saboda an yarda da shi. To, idan katin da ke ɗauke da waɗannan hotuna ya faɗa hannun wanda ba a sani ba, ina makomarsu? A zamanin fim, sai ɓarawo ya je wurin wankin hoto kafin ya ga abin da ke ciki. Yanzu kuwa cikin daƙiƙa kaɗan hoto yake tashi daga kati zuwa waya, daga waya zuwa WhatsApp ko Facebook, kuma abin da ya shiga nan ba ya janyuwa. Aure yana iya mutuwa a kan haka, zumunci yana iya lalacewa. Hatta Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ɗora nauyin tsarewa a kan masu riƙe bayanan da ake iya gane mutum da su, hoto kuwa yana cikin irin waɗannan bayanai.

Na uku shi ne tarihi. Ba a sake ɗaura auren da aka riga aka ɗaura domin a maimaita hoto, tsohon da aka ɗauka bara kuma wataƙila bana ba ya duniya. Misalai biyu daga wajen ƙasarmu za su fito da wannan fili. Saidu Keita, wani mai hoto a birnin Bamako na ƙasar Mali, ya buɗe shagonsa a 1948 yana ɗaukar mutanen gari kamar yadda masu hotonmu suke yi. Ya adana dubban finafinan hotunansa da kyau, sai ga shi a farkon shekarun 1990 duniya ta gano darajarsu, suka zama madubin da ake kallon rayuwar Bamako ta wancan zamani. A ɗaya ɓangaren kuma, finafinan hotuna kusan 4,500 da Robert Capa da abokan aikinsa biyu suka ɗauka a lokacin yaƙin basasar ƙasar Sifen sun salwanta a 1939, ba su dawo hannun masu adana su a birnin New York ba sai a 2007, bayan an gano su a ƙasar Meziko. Kyamarorin da suka ɗauki waɗannan hotuna babu mai tambayarsu a yau. Hotunan ake nema. Haka nan hoton hawan salla a Tambuwal ko na kasuwar Kebbe da ake ganin ba komai ba ne yanzu, nan da shekara 50 shi manazarta za su riƙa bi gida gida suna cigiya.

Idan Ɓera Na da Sata

Hausawa sun ce idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Wannan karin magana bai wanke ɓarawo ba, sai dai ya tuna wa mai kaya nasa rabon alhakin. Ɗalibin adabin baka ya san Muhammadu Gambo na Fagada a jihar Kebbi, makaɗin da ya shahara da yi wa ɓarayi waƙa. Duk wanda ya nazarci waƙoƙinsa zai fahimci cewa ɓarawo yana ɗaukar abin da yake yi a matsayin sana'a mai buƙatar haƙuri da lura. Cunkoso yake nema, da gajiya, da shagala. Waɗannan uku kuwa su ne abokan aikin mai hoto, domin idonsa ɗaya a rufe yake, ɗayan kuma yana cikin kyamara.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani mai ma'ana a nan. Daga cikin sharuɗɗan da suka gindaya kafin a tsayar wa ɓarawo haddi akwai cewa ya ɗauki abin daga hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba tsare irinsa a cikinta. Haka kuma sun ce wanda aka bai wa ajiya ba ya biya idan ta salwanta, sai fa in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ashe ke nan shari'a da kanta ta bambanta kayan da aka killace da waɗanda aka yasar. Mai hoton da ya jingine jakarsa a gindin rumfa ya shige cikin taro, ba shi da bakin cewa ya sauke amanar mutanen da hotunansu ke ciki.

Uzurorin da Aka Saba Ji

Akwai maganganu uku da akan kawo domin kare sakaci, kuma ya dace a dube su da adalci.

Wasu sukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, abin da aka ƙaddara zai ɓace sai ya ɓace. Gaskiya ne. Amma mai wannan magana yana kulle shagonsa da dare, yana kuma ɗaure akuyarsa. Imani da ƙaddara bai taɓa hana riƙo da sababi ba.

Wasu kuma sukan ce, mu nan kowa ya san kowa, babu mai yi mini haka. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a ranakun da babu taro. Ranar kasuwa ko ranar babban biki kuwa baƙi sun fi 'yan gari yawa. A dubi bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016. Mai hoton da ya tashi daga Tambuwal zuwa bakin Matan Fada, a cikin dubban mutane, wa ya san shi balle ya ji nauyinsa?

Uzuri na uku shi ne kunya. Mutum yana ganin idan ya ƙi ajiye jakarsa a zauren mai biki, ko ya hana aboki aron kyamara, za a ce yana zargin mutane ko yana da rowa. Wannan shi ne uzuri mafi nauyi, domin kunya ɗabi'a ce ta gari. Sai dai a lura, idan kaya suka ɓace a gidan biki, zargi ba ya tsayawa kan mutum ɗaya. Yakan hau kan yaran gida da maƙwabta da baƙi, har da waɗanda ba su ji ba su gani ba. Wanda ya riƙe jakarsa ya tsare mutuncin masu gida ne.

Matakan Rigakafi

Matakin farko tun ranar saye yake farawa. Kowace kyamara da kusan kowane gilashinta suna ɗauke da lambar da masana'anta ta buga musu, wadda ba ta zama ɗaya da ta wani. A rubuta waɗannan lambobi a littafi, a ajiye tare da rasit a gida. Kyamarori da yawa suna ma saka lambar a cikin bayanan da ke tafiya da kowane hoto, ta yadda tsohon hoto zai iya zama shaidar mallaka. Wanda kuma yake aiki da waya, ya danna *#06# zai ga lambar IMEI mai alƙaluma 15, ya kwafe ta. In babu lamba, ko an ga kayan a hannun wani, gardama ce kawai za a yi.

Mataki na biyu shi ne raba hotuna da jaka. Da zarar kati ya cika, ko aiki ya ƙare, a cire shi a sa a aljihun ciki. Idan an koma gida, kada a kwanta sai an kwafe hotunan a wuri biyu, kamar kwamfuta da wata ma'ajiyar daban, ko ma'ajiyar intanet idan akwai hali. Haka kuma a cire kati kafin a miƙa kyamara ga mai gyara. Wanda ya yi haka, ko an sace jakar, jari kaɗai ya tafi, amana da tarihi suna nan.

Mataki na uku ya shafi ita kanta jakar. Jaka mai ɗauke da sunan Canon ko Nikon da manyan baƙaƙe shela take yi wa ɓarawo. Tsohuwar jaka marar ado, wadda aka shimfiɗa wa soso a ciki, ta fi ta rufin asiri. A rataya ta a gicciye, ta zauna a gaba. In an zauna cin abinci a zura ƙafa cikin igiyarta. In za a yi salla a ajiye ta a gaba, inda ido yake sauka.

Mataki na huɗu shi ne na tafiya. A cikin mota jaka a cinya take zama, ba a ba da ita a sa a but. A bisa kabu-kabu a sa ta tsakanin fasinja da direba. Kada a bar ta cikin motar da aka kulle a rana, domin ko ɓarawo bai fasa ba, zafin bazarar Sakkwato da kan haura digiri 40 yana lalata batura. Wurin masu cajin kuɗi ma ƙofa ce ta asara, don haka a yi wa kowane batir da caja alamar da ba ta gogewa.

Mataki na biyar shi ne samun mataimaki. A babban taro, mai hoto ya tafi da yaro amintacce wanda aikinsa kawai riƙon jaka. Ladan da za a ba shi bai kai kuɗin murfin gilashi ɗaya ba.

Akwai kuma haddin da tsaron kaya yake tsayawa. A shekarun baya-bayan nan wasu yankunan Kebbe sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. Wanda zai bi irin waɗannan hanyoyi ya tambayi mutanen gari kafin ya tashi, ya guji tafiyar dare. Idan kuwa aka tare shi da makami, ya saki jakar. Ana sake sayen kyamara, ba a sake sayen rai.

Ɓarawon Zaune

Ɓarawo ba ya satar kyamara don ya ɗauki hoto, sayarwa zai yi. Mai saye kuwa sau da yawa ɗan sana'ar ne, wanda araha ta rufe wa ido. Hausawa sun raɗa wa mai karɓar kayan sata suna ɓarawon zaune, kuma dokar Penal Code da ta fara aiki a Arewacin Nijeriya a 1960 ta sa karɓar kayan da aka san na sata ne cikin laifuffukan da ake hukuntawa. Duk mai hoton da ya sayi kyamara a rabin kuɗinta, babu rasit, babu caja, babu kwali, ya sani cewa yana gina kasuwar da gobe za a kai tasa.

A ra'ayina, nan ne maganin ya fi ƙarfi. Masu hoto na Tambuwal da Kebbe ba su yi yawan da za su kasa sanin juna ba. Za su iya buɗe littafi guda na lambobin kayansu a hannun wani dattijo daga cikinsu, su kuma yi alkawarin ba za su sayi kayan hannu ba sai an duba lamba. Idan an yi sata, a kai rahoto ga 'yan sanda da lambar a hannu, a sanar da mai unguwa da shugabannin tasha da masu gyara. Rana dubu ta ɓarawo ce, rana ɗaya ta mai kaya. Idan ranar ta zo, a miƙa wanda ake zargi ga hukuma. Taron dangi a kan wanda ake tuhuma zalunci ne da ya fi satar muni, kuma sau da yawa yakan faɗa kan marar laifi.

Ina Ruwan Malami?

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne haɗin wannan da ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ko wata kwaleji irinta? Haɗin yana da yawa.

Da farko, ɗalibin Hausa mai bincike ne. Zai shiga ƙauye da waya ko rikoda ko kyamara domin ya ɗauko waƙar makaɗi, ko tatsuniya daga bakin tsohuwa, ko bayanin masaƙi da maƙeri. Idan na'urar ta ɓace kafin ya kwafe, aikin zango guda ya tafi, wataƙila kuma tare da muryar da ba za a sake ji ba.

Na biyu, malami ma'aji ne. Za a iya damƙa masa kwamfuta ko majigi ko kyamarar makaranta. A nan akwai kuskure biyu da ya kamata ya guje wa. Ɗaya shi ne sakin kaya kowa ya ɗauka babu rubutu. Ɗayan kuma shi ne kulle su a ofishin shugaban makaranta don tsoron sata, har su lalace yara ba su taɓa amfana ba. Wannan ma asara ce, sai dai babu wanda za a kama. Hanya madaidaiciya ita ce rajista: sunan mai ɗauka, da lambar kaya, da ranar fita, da ranar dawowa, da sa hannu.

Na uku, malami yana ɗaukar hotunan ɗalibansa, cikinsu har da 'yan mata, a ranar ba da kyaututtuka ko wasannin makaranta. Ya sa wa wayarsa mabuɗin sirri, ya kuma mayar da hotunan ma'ajiyar makaranta, kada su daɗe a hannunsa.

Na huɗu, kuma mafi muhimmanci, shi ne tarbiyya. Yaron da ya tsinci biro ya kai wa malami, aka yaba masa a gaban 'yan aji, shi ne zai tsinci jaka a tasha ya yi cigiya. Darasin karin magana da na insha'i fili ne da malamin Hausa zai shuka wannan ɗabi'a ba tare da ya fita daga manhaja ba.

Kammalawa

An ga cewa jakar mai hoto tana ɗauke da jari da sirri da tarihi, kuma biyu daga cikin ukun nan ba mallakarsa ba ne shi kaɗai. An kuma ga cewa matakan tsare ta ba su buƙatar kuɗi mai yawa: littafin lambobi, da aljihun ciki, da tsohuwar jaka, da yaro amintacce, da ƙin sayen kayan da ba a san asalinsu ba. Abin da ya rage shi ne sauya tunani. Muddin muna ɗaukar satar kyamara a matsayin asarar mutum ɗaya, za mu ci gaba da jajantawa muna wucewa. Malamin da ya fara da tsare wayarsa da rajistar makarantarsa, ya kuma koya wa yara cewa hoton mutum mutuncinsa ne, ya yi wa garinsa aikin da ƙofar ƙarfe da kwaɗo ba za su yi ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.